Furen okid a cikin gida: da wanne sabon shiga zai fara?

 

A 'yan makonnin nan akwai tambayar da ta yi ta maimaituwa a saƙonnin da kuke aiko mini daga Legas, Abuja da Fatakwal, kuma ba a kan magani take ba. A kan furen nan ne mai tsada da ake kira okid, wanda yanzu ake yayinsa: a kai wa amarya, a kai wa mai jego, a ajiye a teburin ofis. Masu tambayar kashi biyu ne. Akwai waɗanda aka ba su shi kyauta ya mutu a hannunsu kafin wata ya cika, suna son jin inda aka samu matsala. Akwai kuma iyaye mata da ke sha'awar saye amma suna tsoro saboda yaro mai rarrafe, wanda duk abin da hannunsa ya taɓa baki zai kai, ko saboda suna da mai asma a gida. Ta biyun aikina ce kai tsaye. Ta farkon ma ba ta rabu da shi ba, domin shukar da ba a iya kula da ita ba ita ce ke tara ruwa, ruwan ya tara sauro, daga nan a ɗauko maganin ƙwari a fesa a tsakiyar falo.

Okid ba fure ɗaya ba ne, dangi ne mai yawan gaske, wajen iri 28,000 a duniya, ban da dubban da masu lambu suka haɗa aure suka samar. Banila da muke sawa a kek ma daga 'ya'yan wani okid ake samunta, wanda asalinsa ƙasar Meksiko ce. A nan gida Nijeriya muna da namu a dazuzzukan Kuros Riba da tsaunukan Obudu da Mambila. To a cikin wannan taro duka, in mutum bai taɓa riƙe ko ɗaya ba kuma a cikin ɗaki zai ajiye, shawarata guda ce: ya nemi wanda aka rubuta wa Phalaenopsis a jikin takardarsa. Mu kira shi falanofsis don sauƙin faɗa. Shi ne mai faffaɗan ganye masu kauri kamar harshen sa, huɗu zuwa shida, a jere hagu da dama, da doguwar sanda da ta lanƙwaso ɗauke da furanni masu kama da malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukansa. Galibin waɗanda ake gani a manyan kantuna da wurin masu sayar da furanni shi ne, kuma yawanci daga waje ake shigo da su.

Dalilin da ya sa na zaɓe shi ba boyayye ba ne. Asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Filifin da Indunusiya, inda yake zaune a inuwar manyan itatuwa cikin ɗumi. Saboda haka hasken da ke shigowa ta tagar falo ya ishe shi, kuma yanayin da mutum ke jin daɗinsa, tsakanin digiri 18 zuwa 29, shi ma shi yake so. Furensa yakan yi wata biyu zuwa uku bai zube ba, abin da ba kowace shuka ke yi ba. Sannan yana da haƙuri: in kin manta da shi kwana goma zai jira ki.

Akwai wani da ake kira Dendrobium, mai tsayayyun sanduna kamar ƙananan rake, wanda ake nomawa da yawa a Tailan. Shi ya fi falanofsis jure zafi, amma yana son haske sosai, don haka baranda ta fi dacewa da shi a kan cikin ɗaki. In gidanki a Legas ko Fatakwal yake kuma kina da baranda mai samun ranar safe, ba zan hana ki shi ba, har ma zai fi saurin sake yi miki fure. Wanda zan ce a bari sai hannu ya faɗa shi ne Vanda, wanda ake rataye shi saiwoyinsa na reto a iska babu tukunya. Kyau kam ba a magana, amma kusan kullum sai an jiƙa shi, ga shi ba ya shiri da busasshiyar iskar hunturu. Cymbidium kuma sanyin dare yake buƙata kafin ya yi fure. In ba a Jos kike ba, kada ki wahalar da kanki.

Wani lokaci za ki ga ana tallar okid ɗin daji a bakin hanya, an ɓanɓaro shi daga jikin itace. Wanda aka fi sani cikin na Afirka shi ne Ansellia africana, mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. Sunan wani Bature ya ci, John Ansell, wanda ya samo shi a tsibirin Fanando Po lokacin tafiyar binciken kogin Neja ta 1841. Ina roƙon a bar na daji a daji. Suna ƙarewa saboda yawan cira, dukkan dangin okid ma suna cikin jerin tsirran da yarjejeniyar CITES ta sa wa ƙa'ida wajen cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma wanda aka ciro daga daji da wuya ya rayu a falo.

Abin da ke kashe okid a gidajenmu, a mafi yawan lokuta, shi ne a ɗauke shi kamar sauran shuke-shuke. Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san kauci, wanda ke zama a kan reshen wata bishiya. To falanofsis ma haka yake zama a kan itace, sai dai shi ba ya tsotsar ruwan jikin bishiyar kamar kauci. Maƙalewa kawai yake yi, ya sha ruwan sama da raɓa. Saiwoyinsa a fili suke, iska na kaɗa su. Suna da wani rufi mai kama da soso da ke tsotse ruwa nan take, sannan ya bushe. In aka binne irin wannan saiwa a ƙasa, ko aka bar ta cikin ruwa, numfashi ne aka toshe mata, sai ta ruɓe. Abin ban tausayi, idan saiwa ta ruɓe ganyen yakan yi yaushi kamar mai jin ƙishi, mai shi kuma sai ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shi.

Don haka a wurin saye, saiwa za ki fara dubawa kafin fure. Yawanci ana sayar da shi a cikin tukunyar roba mai garai-garai, an zura ta cikin wata ta ado. Ki ce mai kayan ya ciro miki ta cikin. Lafiyayyar saiwa tana da kauri da tauri, kore ce idan ta sha ruwa, ruwan azurfa idan ta bushe. In kin ga baƙa ko ruwan ƙasa, ta yi laushi ko ta zama fanko, ajiye ki ɗauki wani. Ganye ya zama mai tauri, ba mai tamoji ba. Leƙa ƙarƙashinsa da lungun da ya haɗu da jiki, ko akwai wasu fararen ƙwari masu kama da ɓarɓashin auduga. Duba tsakiyar shukar inda sabon ganye ke fitowa. In wurin ya yi baƙi ko yana wari, magana ta ƙare. Sannan ki zaɓi wanda rabin furanninsa ne suka buɗe, sauran suna dunƙule, don wanda ya gama buɗewa duka ba ki san tun yaushe yake kanti ba.

Na shuɗi kuwa, wannan mai ɗaukar ido da ake tsawwala wa kuɗi, fari ne aka yi wa allurar rini a sandarsa. In kin duba da kyau sau da yawa za ki ga wurin hujin. Ba zai mutu don haka ba, amma furen da zai yi nan gaba fari zai fito. In kin san da haka kika saya, to babu laifi.

Idan kin kawo shi gida, nema masa taga mai fuskantar gabas, wato wajen da rana ke fitowa, ya samu hasken safe mai laushi. In tagar yamma ce kawai gare ki, sa labule marar kauri a tsakani, don ranar la'asar tana ƙona ganyen, kuma tabon ƙunar ba ya gogewa. Ganyen da kansa zai gaya miki: in ya yi kore shar har ya yi duhu, haske ya yi masa kaɗan, ba zai yi fure ba, in ya fara rawaya ko ja-ja, ya yi yawa. Kada a ajiye shi a saitin iskar na'urar sanyaya ɗaki, ko a kan firji da talabijin. A bazara, musamman a Abuja cikin Maris da Afrilu, ranar da babu wuta ɗaki ya ɗauki zafi, a matsar da shi wuri mafi sanyi a gidan inda iska ke ratsawa.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Furen okid ba ya shiri da hayaƙi, saboda wata iska da ke cikinsa mai suna etilin, wadda ke sa furanni tsufa da wuri, waɗanda ba su buɗe ba kuma su yi rawaya su zube. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, hayaƙin janareto da na taba duk suna cikin wannan. Ayaba da mangwaro masu nuna ma suna fitar da ita, don haka ba a haɗa shi da kwandon 'ya'yan itace. Ban ce uwargida ta bar turarenta ba, wa ya isa? Ki dai fitar da shi zuwa wani ɗaki kafin ki ɗora kasko, in hayaƙin ya washe ki maido shi. Mai asma ma abin da za a yi masa ke nan.

Batun ban ruwa ba a yi masa ranar mako a ce kowace Juma'a. Abin da ya bushe a kwana huɗu cikin hunturun Abuja zai iya kai kwana goma da danshi a daminar Fatakwal. Ki dubi saiwa ta jikin robar: in kore ce, bar shi, in ta koma ruwan azurfa, lokaci ya yi. Ko ki soka tsinken tsire mai tsabta har tsakiyar tukunyar, ki bar shi minti kaɗan, ki zaro ki taɓa a bayan hannu; in da sanyin danshi, a ƙara kwana biyu. Idan za ki ba shi, da safe za ki yi. Ciro tukunyar cikin, kai ta wurin wanke-wanke, zuba ruwa sosai ya ratsa ya fita ta ƙasa, bar ta ta tsane sarai kafin ki mayar. Kada ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen. In ya shiga, tsane shi da gefen tishu, domin ruɓewar tsakiya ita ce cutar da ba a cika dawowa daga gare ta ba. Ruwan sama ya fi kowanne. Ruwan famfo ba laifi. Na rijiyar burtsatse, in mai gishiri-gishiri ne kamar yadda ake samu a wasu unguwannin bakin teku, yana ƙona bakin saiwa, gara a nemi wani.

Ruwan da ke taruwa a gindin tukunyar ado shi ne inda aikina ya shigo sosai. Sauron da ke yaɗa cutar shawara da zazzaɓin denge, wanda ake kira Aedes, mai zanen fari da baƙi a ƙafafu kuma mai cizo da rana, ba ya buƙatar kududdufi. Ɗan ruwa mai tsabta a faranti ko kasko ya ishe shi, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne kacal. Saboda haka duk farantin da ke ƙarƙashin shuka a gidanki, ba na okid kaɗai ba, a zubar da ruwansa a goge shi da soso aƙalla sau ɗaya a mako. Gogewar tana da muhimmanci, don ƙwan yana maƙalewa a jikin mazubi kuma yana jure bushewa na watanni. Wasu kan ajiye faranti da tsakuwa da ruwa a ƙarƙashin tukunya don ƙara laima lokacin hunturu. In za ki yi, wannan ƙa'idar ta hau kanki.

To yaro fa? Ba a san falanofsis da dafi ba, ko ga mutum ko ga kyanwa. Wannan na cikin abin da ya sa hankalina ya kwanta da shi a gidan da ke da ƙananan yara. Duk da haka ba abinci ba ne: wanda aka shigo da shi daga gonar kasuwanci mai yiwuwa an fesa masa magani, kuma gutsattsarin ɓawon da ke cikin tukunyar da 'yan maƙalan robar da ke riƙe sandar suna iya shaƙe yaro. A ɗora shi inda hannu ba ya kaiwa. Ga mai asma ko mai yawan atishawa kuma, garin furen okid a dunƙule yake, ba ya tashi a iska kamar na ciyawa, kuma yawancin falanofsis ba su da ƙamshi. Abin da zai iya tayar masa da ciwo shi ne fumfuna, in an bar tukunyar kullum a jiƙe.

Abin da ya fi damuna shi ne shuke-shuken da suka riga suka cika gidajenmu ba wanda ya tambaya a kansu. Akwai Dieffenbachia, mai manyan ganye kore da fari-fari a tsakiya, wanda kusan kowane ofis da falo ke da shi. Ruwan jikinsa na ɗauke da wasu ƙananan allurai na sinadarin kalsiyam okzalet. In yaro ya tauna, baki ya ɗauki zafi, leɓe da harshe su kumbura, yawu ya yi ta zuba. In haka ta faru, a cire abin da ya rage a bakin, a kuskure da ruwa, a ba shi ruwa mai sanyi ko madara ya kurɓa. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. In kumburin ya yi yawa, murya ta canja ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take. Kariya kuwa, wadda yanzu ake dasawa a tukwane don kyan furenta ruwan hoda, da Oleander da ake shukawa a jikin katanga, sun fi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Suna ɗauke da sinadarai 'yan uwan digoksin, maganin zuciyar da mu kanmu a kantin magani muke auna shi da taka-tsantsan. Yaron da ya ci wani sashe nasu a kai shi asibiti ko da yana wasansa lafiya lau, a tafi da reshen shukar don likita ya gani.

Sai maganar cewa shuka tana tace iskar ɗaki, wadda masu talla ke yawan faɗa. Tushenta wani bincike ne da hukumar NASA ta Amurka ta fitar a 1989, kuma a cikin ƙananan akwatuna rufaffu aka yi shi. A ɗaki irin namu, buɗe taga ya fi tukwane goma aiki. Ki sayi okid don kyansa da sanyin ran da kula da shi ke kawowa, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Taki kaɗan yake ci. Nemi irin wanda ake narkarwa a ruwa, kamar mai lamba 20-20-20, ki yi amfani da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalin. In an ce cokalin shayi ɗaya a lita huɗu, ke sa rubu'in cokali. Sau biyu a wata ya isa, kuma bayan kin jiƙa saiwar da ruwa zalla. Takin gona mai ƙwaya-ƙwaya da kashin kaji ƙona shi za su yi. Ina kuma jin ana cewa a daka asfirin ko ƙwayar tazarar haihuwa ko maganin da ya ƙare wa'adi a zuba wa fure. Don Allah a daina. Babu abin da zai ƙara wa okid, ga shi an bar garin magani a inda yaro ke wasa. Ruwan takin da kika haɗa ma kada ki zuba shi a robar lemo ko ta ruwan sha. Yawancin yaran da ke shan kananzir da makamantansa ta wannan hanya abin ke faruwa.

In fararen ƙwarin nan masu kama da auduga suka bayyana, maganinsu yana kantinmu kuma ba shi da tsada: sifirit da tsinken goge kunne. Dangwala ki goge su ɗaya bayan ɗaya, ki maimaita bayan mako guda har sau uku, don ƙananan da ba a gani. Kada kowa ya kusanci shukar cikin ɗaki da ota-fiya-fiya ko wani maganin gona mai sinadarin dikulobos. Guba ce da ke shiga ta numfashi da ta fata, kuma babu furen da ya kai a sa iyali cikin wannan kasada.

Ranar da fure na ƙarshe ya faɗi, mutane da yawa sukan ɗauka ya mutu su jefar. Hutu kawai ya shiga. In sandar ta bushe, yanke ta daga gindi da almakashin da kika goge da sifirit. In har yanzu koriya ce, kina iya yankewa a saman gaɓa ta biyu daga ƙasa, wani lokaci takan yi reshe ta ba da 'yan furanni, ko da yake ga ƙaramar shuka na fi son a yanke duka ta tara ƙarfi. Wannan kuma shi ne lokacin sauya masa makwanci, wanda ake yi duk shekara ɗaya zuwa biyu. Da yawa suna zuwa an cusa musu gansakuka dam a tsakiya, wadda ke riƙe ruwa fiye da kima a yanayi mai laima irin na kudu. Cire ta a hankali, yanke ruɓaɓɓun saiwoyi, ki mayar da shi cikin tukunya mai huji da yawa wadda ba ta fi saiwar girma sosai ba. Abin zubawa yana kusa da ke: gutsattsarin gawayi kamar girman goro, da ɓawon kwakwa da aka yayyanka aka jiƙa kwana biyu zuwa uku ana sauya ruwan don gishirinsa ya fita. Saiwoyin da suka leƙo waje suna yawo a iska kuwa a bar su, haka halittarsa take.

Kafin ya sake fure sai ya ji ɗan sanyi. In zafin rana kullum yana kai digiri 28 ko sama, ganye kawai zai yi ta yi. Yana buƙatar mako huɗu zuwa shida na yanayin da bai wuce digiri 25 ba, dare kuma ya fi haka sanyi. Mutanen Abuja da Jos da Kaduna sanyin hunturu zai iya taimaka musu: a Disamba da Janairu a ajiye shi kusa da taga, a riƙa goge ƙurar ganyen da ɗanyen ƙyalle. Na Legas da Fatakwal su gwada sanyin Yuli da Agusta, ko ɗakin da aka fi kunna na'urar sanyaya wuri, nesa da bakin iskar. Sabuwar sanda tana fitowa ne daga tsakanin ganyen ƙasa, bakinta a ɗan baje, ba kamar saiwa mai mulmulallen kai ba. Daga ranar da kika gan ta zuwa buɗewar furen farko wajen wata uku ne, kuma a tsawon lokacin kada ki riƙa juya tukunyar, don sandar haske take bi, in ana juya ta sai ta karkace.